Numfashin Tanki

A daren da Baba ya yanke shawarar sayar da motarsa bai tara kowa ba, bai kuma yi doguwar magana ba. Muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, Umma tana tsintar wake a hasken 'yar fitilar caji, sai ya ce da ni, "Gobe ka nemo mini dillali." Ba wanda ya tambaye shi dillalin mene ne. An riga an sa ranar auren ƙanwata a watan Nuwamba, kuma duk gidan babu wata kadara da za ta iya rikiɗa ta zama gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka sai wadda ke fake a ƙofar gida, a gindin darbejiya.

Honda Accord ce ƙirar 2004, irin wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa EOD, wai daga kanta magana ta ƙare. Baba ya saye ta a 2014 da kuɗin sallamarsa, bayan shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare, fiye da rabinsu a kan keke. Ta Kwatano ta shigo mana, amma don titunan Amurka aka ƙera ta; har gobe mil take ƙirgawa, sai a ƙananan lambobin ciki ake ganin kilomita. A cikinta aka kai ni jami'a ranar farko, katifata a ɗaure a sama. A cikinta aka kai kakata asibiti, tafiyar da ba ta dawo ba. Baba ba mai son abin duniya ba ne, amma kowace Juma'a da hantsi da hannunsa yake wanke ta, ba ya yarda yaro ya taɓa.

Abin da ya raba su ya faro ne ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin magariba layuka sun cika gidajen mai a Kano. Baba ya shiga ɗaya, ya raba dare a ciki, ya dawo da tanki cike yana murna kamar wanda ya riga ruwan sama shiga gida. Cikin kwana biyu zuwa uku litar da a hukumance ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Fanshon malamin firamare ba ya ciyar da gida ya kuma ciyar da mota a wannan farashi. Tankin nan guda Baba ya yi ta lallaɓawa har bayan Babbar Sallah, daga nan motar ta koma ta zuwa Juma'a da gaisuwar mutuwa. A cikin waɗannan makonni ne wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod, ta ƙi mutuwa. Kanikawa "cek" suke ce mata. Tun da motar tana tashi da bugu ɗaya, tana ja yadda ta saba, ba wanda ya kula.

Mai sayen farko da dillali ya kawo ya kula. Ma'aikacin lafiya ne da aka tura wani ƙauye can bayan Bichi, yana neman abin da zai riƙa kai shi ya dawo da shi. Ya zagaya motar, ya buɗe bonet, ya zaro gejin baƙin mai ya murza a yatsa, komai ya yi masa. Da ya tayar da ita sauran fitilu suka mutu ita ta tsaya, sai ya yi shiru. Ya ce shi ba shi da kuɗin sayen ciwon da bai san sunansa ba. Ko a rage masa naira dubu ɗari uku, ko a gyara ya dawo. Dubu ɗari ukun nan kuwa su ne kujerun ƙanwata.

Bayan ya tafi dillali ya matso kusa da Baba ya rage murya. Ya ce, "Malam, wannan ai aikin minti goma ne. A buɗe dashbod a zare ƙwan, ko a liƙa masa baƙin tef ta ciki. Rabin motocin garin nan haka suke yawo." Ban ga laifinsa sosai ba a lokacin, har na fara lissafin wanda zai yi mana aikin. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Shekara 35 ina dukan 'ya'yan mutane a kan satar amsa. Ba zan yi wa 'yata kayan ɗaki da ita ba." Ya juyo gare ni. "Kai ba lantarki ka karanta ba?"

Lantarki na karanta. Karatun shekara biyar ne, yajin aiki da annobar korona suka mai da shi shida da ɗoriya. Na yi hidimar ƙasa na dawo, na kuma shekara guda ina yawo da takardu a cikin farar jakar roba daga wannan ofis zuwa wancan. A unguwa Injiniya ake kirana, kuma na san wanda yake faɗa don girmamawa da wanda yake faɗa don ya ga yadda fuskata za ta yi. Na iya zana da'irar lantarki a takarda, na iya warware lissafin da zai cika shafi uku, amma ban taɓa kwance noti ɗaya a jikin motar da ta shekara tara a ƙofar gidanmu ba. Tambayar Baba ba gori ba ce. Da gori ce da ta fi sauƙin ɗauka.

Na aro wata 'yar na'ura a wajen abokina, girmanta bai wuce akwatin ashana biyu ba. Tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da soket iri ɗaya mai ramuka 16 a ƙasan dashbod, ɓangaren direba, inda ƙwaƙwalwar mota ke faɗin abin da ke damunta. OBD-II ake kiran tsarin. Na cusa na'urar, ta haɗu da wayata, sai ga alamomi biyar: P0452. Kowace da ma'anarta. P tana nufin ɓangaren inji da giya, sifili yana nufin lamba ce ta gama-gari da kowane kamfani ke amfani da ita, 4 tana nuni ga na'urorin hana gurɓata iska, 52 kuma ita ce ainihin ƙarar: sensar da ke auna matsin iskar tankin mai tana aiko da lantarki ƙasa da ƙima.

A ƙasan lambar akwai wurin gogewa. Na danna, fitilar ta mutu. Na shiga gida na ce wa Baba an gama, har da ɗan ɗaga murya don Umma ta ji. Ya ce, "Me ya lalace?" Na ce ƙwaƙwalwar ce ta rikice. Ya ce, "To, madalla." Washegari kafin la'asar fitilar ta dawo. Baba bai ce mini uffan ba, makullin kawai ya ajiye a kan tabarmata. Sai a daren na gane cewa abin da na yi da abin da dillali ya ce a yi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, illa dai nawa da waya aka yi shi.

Muka kai ta wajen bakaniken da yake duba ta tun ranar da ta zo, wani dattijo da kowa a garejin ke kira Oga, har da waɗanda suka girme shi. A kan Fijo 504 ya koyi aiki, zamanin da ake haɗa ta a Kaduna, lokacin da kunne da hanci da 'yan sifanu suka ishi mutum sana'a. Na faɗa masa lambar da ma'anarta. Wani yaronsa ya yi caraf ya ce tun da an ambaci tanki ai famfon mai ne, a sauke a sa wani. Oga ya harare shi. Ya tayar da motar ya saurara, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Famfon da ke ba da mai haka ba shi da laifi. Malam, motar Amurka ƙorafi gare ta kamar 'yar gata. Wannan wutar ba ta hana ta zuwa Legas ta dawo."

Gaskiya ya faɗa. Sai da na kwana uku ina karatu a waya kafin in yarda da shi, in kuma gane inda gaskiyar tasa ta tsaya.

Fetur ba ya zama lafiya a tanki. Ko a inuwa yana tashi ya zama tururi, balle a Kano inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. A tsofaffin motoci tururin ficewa yake yi ya bi iska. Biranen Amurka, musamman Los Angeles, sun sha fama da wani hazo mai sa ido ruwa, wanda tururin fetur ke cikin abubuwan da ke haifar da shi idan rana ta doke shi, don haka tun farkon shekarun 1970 aka hana mota yin numfashi a fili. Aka toshe tankin, aka ja tiyo daga samansa zuwa wani gwangwani cike da gawayi na musamman da ke shanye tururin ya riƙe. Idan inji ya ɗauki zafi ana tafiya, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe wani bawul, inji ya zuƙo tururin daga gawayin ya ƙone shi tare da sauran mai. Daga baya doka ta ƙara da cewa dole motar ta riƙa binciken kanta ko akwai inda take yoyo. Sai ta rufe ƙofar da iska ke shiga gwangwanin, ta ɗan zuƙe iskar ciki, ta tsaya tana sauraro. Idan matsin ya zauna inda aka bar shi, lafiya. Idan ya koma da sauri, akwai ɓula. Kunnen da take sauraro da shi kuwa shi ne sensar nan. Ɗan tantani ne na silikon, siriri, gefe ɗaya yana fuskantar tururin tanki, ɗayan yana fuskantar iskar waje, idan ya ɗan lanƙwasa sai lantarkin da ke fita daga gare shi ya canja. Matsin da yake aunawa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na iskar taya ba, amma da shi mota ke gano ɓular da faɗinta bai wuce milimita ɗaya ba, a sababbin ƙira ma rabin milimita.

Na tuna na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai. A bakin titinmu 'yan bumburutu suna jere da galan-galan a rana, suna ɗura mai da mazurarin yankakkiyar gora, warin fetur yana kaiwa har masallaci. Ga kuma motar Baba, dubban mil daga dokar da ta haife ta, ta tayar da hankalin gida guda saboda ta kasa jin ko tana yoyo ta kafar allura. Babu jami'in da zai tare mu a Kano ya tambayi lafiyar gawayinmu. Ta wannan fuska Oga ya fi littafi gaskiya.

Sai dai fitilar guda ɗaya ce, ƙararrakin da take kaiwa kuwa ɗaruruwa ne. Ita ce za ta kama idan filogi ya daina ƙona mai, ita ce idan sensar iska ta mutu mota ta fara shan mai ba ƙa'ida, ita ce za ta riƙa ƙiftawa idan ɗanyen mai yana gangarawa cikin salansa yana dafa abin da ke ciki. Fitilar da ke kunne kullum ba ta da sauran hanyar cewa wani sabon abu ya faru, wadda aka zare wa ƙwai kuwa ta zama bebiya har abada. Na yi ta hango ma'aikacin lafiyar nan a kan hanyar Bichi da daddare, ƙila da mara lafiya a kujerar baya, motar tana da magana ba ta da baki. Hoton nan ne ya mai da ni garejin.

Na je da mitar da na yi aikin kammala digiri da ita, da fil uku na ɗinki da na roƙa a wajen Umma, da zanen wayoyin da na kwafa a takarda. Na sa tsohon kakin hidimar ƙasa. Na so a ɗaga motar da jak in shige, Oga ya ce a garejinsa ba a shiga ƙarƙashin ƙarfe a kan jak kaɗai, ya taɓa ɗaukar gawar wanda ya yi haka. Ya sa aka tura ta kan rami. Ya kuma hana ni farawa sai da mai walda na kusa da mu ya kashe wutarsa ya tafi cin abinci, ya kori wani ɗan acaɓa da ya raɓe a inuwa da sigari a hannu. "Kai lantarki ka sani," in ji shi, "ni fetur na sani."

A wannan ƙirar sensar tana jikin gwangwanin gawayin ne, a ƙarƙashin mota kusa da tanki. Lakar damina tara ta lulluɓe wurin, sai da na kankare da ƙusa kafin in gan ta. Girmanta yatsa biyu ne, waya uku ke shiga cikinta. Ɗaya tana kawo mata bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, wato abincinta, ɗaya at ce, ta ukun ita ke mayar da amsa. A nan ne yawancin mutane ke asarar kuɗi, domin lambar P0452 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi amsar da ke isowa ta yi ƙasa. Abu uku ke iya jawo haka: ko abincin bai iso ba, ko wayar amsa ta goge ta taɓa ƙarfe a wani wuri tsakanin nan da gaban mota, ko sensar ce da kanta. Na biyun na fi tsoro. Ɓeraye sun san motar da ta daɗe a fake, kuma bin waya guda a cikin ɗaurin wayoyi daga baya zuwa gaba aikin yini biyu ne.

Na sa yaron Oga ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya kuma buɗe murfin tanki don ciki da waje su zama ɗaya. A haka lafiyayyar sensar Honda kan ba da kusan bolt 2.5, wato tsakiya, ba turi ba zuƙa. Na zura fil ta bayan soket ɗin, a gefen kowace waya, a hankali don kada in huda robar. Tsakanin wayar abinci da at mita ta nuna biyar saura ƙiris. Ke nan abinci yana zuwa, at ɗin ma lafiya. Na koma kan wayar amsa: 0.1. Na girgiza wayoyin, na matsa su, na ja su, lambar ko gezau.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita na fi jin daɗi, domin a aji uku aka koya mana ita a kan allo, ban taɓa zaton zan gamu da ita a cikin rami ba. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan rezisto da ke jan wayar amsa sama zuwa bolt 5 muddin babu abin da ke riƙe da ita. Saboda haka idan na zare soket ɗin, wayar da ta taɓa ƙarfe za ta ci gaba da nuna kusan sifili, lafiyayya kuwa za ta yi tsalle. Harshen soket ɗin ya bushe, sai da na yi masa dabara da ƙaramin sukudireba. Na zare, na ɗora mita. Lambar ta haura kusa da biyar ta tsaya. Na mayar, ta faɗo 0.1. Na sake zarewa na sake mayarwa har sau uku, alhali tun na farko shakka ta fita.

Na fito daga ramin da laka har gira, na ce, "Oga, sensa ce. Waya ba ta da laifi." Na zaci zai yaba. Ya karɓi mitar ya jujjuya ta, ya miƙo mini, ya ce, "To, Injiniya. Wa ya kashe ta?"

Ba ni da amsa. Littafin gyara ya ce idan awo ya nuna haka a canja sensa, daga nan shafin ya ƙare. Oga ya tattare rigarsa ya sauka ramin da kansa, ya kwance gwangwanin gaba ɗaya ya fito da shi. Ya ji nauyinsa a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne, ya kai hanci bakin tiyo ya yi maza ya kau da kai. Ya buga bakin a tafinsa, wasu baƙaƙen tsaki suka zubo kamar geron da ya ƙone a kasko. Sai ya juya wajen Baba da ke zaune a benci, ya ce, "Malam, idan ka je shan mai, bakin famfo yana yawan katsewa tun ba a kai ko'ina ba?" Baba ya ce ƙwarai kuwa, har yaran gidan mai suna mita. "Akwai ranar da ka cika ta har wuya, aka girgiza ta aka ƙara?"

Baba ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, irin na ɗalibin da aka kama. Ya ce daren 29 ga Mayu ne. Famfo ya katse, ya ce a ƙara. Ya sake katsewa, ya sa samari biyu suka riƙa jijjiga motar ta baya har sai da mai ya tsaya a bakin bututu yana ƙyalli. Lita biyu ko uku ya samu a kan tsohon farashi.

Da gangan ake barin sarari a saman kowane tanki, domin mai yana kumbura idan ya ji zafi. Idan aka cike sararin, ruwan fetur ne ke bin hanyar da aka yi wa tururi, ya gangara cikin gawayin ya jiƙa shi, ya farfasa shi, ya toshe hanyar iska, ya kai har ga tantanin da ba a yi shi don wanka ba. Da na ɗora sabuwar sensa a jikin wannan gwangwanin, da fitilar tana iya mutuwa har mai saye ya biya ya tafi, sannan ta dawo masa a can bayan Bichi da wata lambar. Da na sake yin aikin dillali ke nan a karo na biyu, wannan karon da rasit a hannuna.

Ragowar alawus ɗin hidimar ƙasa da na ɓoye, daga naira 33,000 da ake ba mu a wata, shi na ɗauka na nufi Ƙofar Ruwa. A can duk abin da aka cire daga tsohuwar mota Beljiyam ne sunansa, ko da daga Texas ya zo. Sai da na shiga rumfa shida kafin in sami wanda ya gane abin da nake nufi. Ba kaya ba ne da ake tambaya, wani ma ce mini ya yi su jefar da shi suke yi. Na shidan ya tono guda biyu daga ƙarƙashin tarin salansa, kowanne da sensarsa a jiki. Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Fawa bank na waya bolt 5 yake bayarwa, daidai abin da sensar ke ci, don haka na taho da wata wayar caji da na yanke na fere bakinta. Na haɗa ja da baƙa, na ɗora mita a kan ta uku, ina ta danna fawa bank ɗin don kada ya kashe kansa. Ta farko ta nuna 2.5. Na sa sirinji da guntun tiyo na ɗan ja kaɗan, lambar ta sauka, na saki ta koma. Ta biyun ko motsi ba ta yi ba. Kafin in ɗago mutum wajen goma sun kewaye ni. Mai rumfar ya ƙara dubu biyu a kan farashin da ya fara faɗa, ya ce ai yanzu ni da kaina na tabbatar masa kayansa na da kyau. Na biya, domin hujjarsa ta fi tawa.

Oga ya sa aka cire tiyoyin aka busa su da iskar mai faci har tsakin gawayi ya daina fita, muka ɗaura. Na goge lambar, amma wannan karon ban shiga gida da labari ba. Gogewa tana share har da shaidar gwaje-gwajen da mota ta yi wa kanta, kuma duk wanda ya sa mata kwamfuta zai ga ba ta kammala su ba. Gwajin tanki shi ne mai wuyar sha'ani a cikinsu. Sai inji ya kwana ya huce, sai gari ba zafi sosai, sai mai bai cika tanki ba bai kuma yi ƙasa ƙwarai ba, sannan a yi tafiya mai ɗan nisa babu tsaye-tsaye. Tankin yana cin kusan lita 65. Muka zuba ashirin, kuɗin da ya sa Umma ta yi salati.

Kwana uku muna fita bayan sallar asuba, ni da Baba, mu bi hanyar Gwarzo. Ranar farko shi ya tuƙa. Rana ta biyu ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo mini makulli, ya zagaya ɗaya ɓangaren ya zauna. Ƙarshen Agusta ne, gero ya fitar da kai, dawa ta rufe gonaki har bakin kwalta, hanya babu kowa sai masu kai madara gari. Bayan mun wuce Rimin Gado ya nuna mini wata hanyar burji da ta ratse, ya ce ta nan yake bi zuwa makarantar da ya fara koyarwa a 1979, shekara uku bayan an buɗe firamare kyauta ga kowa, lokacin da yara suka yi wa malamai yawa. Aji mai rufin kara ne, in ji shi, idan ruwa ya sauko sai a tashi. Muka yi tafiya mai tsawo ba magana. Can ya ce, "Na sa ka karatu ne don kada ka kwanta a ƙarƙashin motar kowa." Na yi shiru ina kallon hanya. Ya ce, "Ranar da na gan ka a ramin nan na rasa ko kunya zan ji ko me. Sai na ga kai ba ka ji ba." Ban gaya masa cewa na ji ba. Ina sauka ramin wani abokin karatuna ya wuce a kan babur, na sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi. Bayan haka ne lambobin mita suka ɗauke mini hankali na manta.

A safiya ta uku, muna dawowa daidai Janguza, wayar da ke kan cinyar Baba ta nuna gwajin ya kammala, babu wata lamba. Ya sa tabarau ya duba, ya ce in fassara masa, na fassara. Ya ce, "To, kira mutumin."

Ma'aikacin lafiyar ya dawo ranar Asabar da nasa mai kwamfutar, wanda ya duba bai sami komai ba. Duk da haka Baba ya zaunar da shi a benci ya jero masa laifuffukan motar ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran rajista: gilashin baya na hagu sai an taimaka masa da hannu, esi yana sanyi amma yana neman gas duk bazara, an taɓa buga ƙofar dama a 2018. Ya nuna masa tsohon gwangwanin, ya ce idan famfo ya katse kada ya ce a ƙara. Dillali yana gefe yana ta gyaran murya. Mutumin ya yi godiya, sannan ya rage dubu hamsin saboda gilashin da esin, waɗanda da ba a faɗa masa ba da bai sani ba. Baba ya sallama. An yi wa ƙanwata kujeru, sai dai ba irin waɗanda ta nuna mana a waya ba.

Baba bai tsaya ganin tafiyar motar ba, tun kafin a tayar da ita ya shige gida. Juma'ar da ta biyo baya da hantsi na ji ƙarar bokiti a tsakar gida, sannan na ji an ajiye shi.

Ban daina neman aiki ba. Amma bayan mako biyu yaron Oga, wanda ya so a sauke famfo, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce akwai wata Camry a gareji, mai ita ya canja kaya huɗu wutar ba ta mutu ba, Oga ya ce in zo da mitata, abin da aka samu a raba. Na zare takardun da ke cikin farar jakar na sa su a akwatin Umma, na zuba mita da sirinji da yankakkiyar wayar caji. Umma ta biyo ni har zaure tana tambayar fil ɗinta uku. Na ce mata idan an biya ni zan sayo mata kwali guda.